Albasar Kwaɗi da Furen Cikin Littafi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ɗa ga uwa, da durƙuso har ƙasa, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki. Mu nan lafiya lau muke. Ruwa ya sauka a Kudan, rake ya yi kyau a fadama, jikokinki ma har sun yi jikoki.

Na san da kina raye ba za ki tsaya ki saurari wannan takarda ba. Ni ne ɗanki na fari, kuma kin riƙe kunyar nan gam har kika koma ga Allah. Ba ki taɓa kiran sunana ba. In kina so in ci abinci, sai ki gaya wa bango cewa akwai tuwo a akushi. In na yi laifi, tunkiyarki ce ke shan faɗa, ni kuwa ina gefe ina karɓar saƙo. To yau na tsufa, zan yi miki magana kai tsaye, kuma a gaban jama'a, domin akwai haƙƙinki da na daɗe ina dannewa.

Ki tuna da daminar nan, ba a jima da samun mulkin kai ba, lokacin da nake ƙaramin malami a makarantar elementare, ba ni da takardar shaidar malanta. Aka aiko cewa sufeton makarantu zai zo daga Zariya ya ga darasin kowannenmu sau ɗaya. Wanda ya gamsar da shi, a tura shi kwalejin horon malamai. Wanda ya kasa, ya koma wa fartanyarsa. Ni kuwa na riga na saba da farar riga da ƙurar alli, kuma ba na ɓoye miki, tsoron komawa gona ya hana ni sakat.

Darasin da ya faɗo kaina na nazarin tsirrai ne. Littafin daga ƙasar Turawa aka kawo shi, a shafin kuwa akwai wani farin fure mai kama da bakin kakaki, wai shi lili. An zana shi sau biyu, ɗaya tun daga saiwa har fure, ɗaya kuma an tsaga furen biyu ana ganin cikinsa. Hedimasta ya duba ya ce ai wannan albasar kwaɗi ce, ga ta can ta cika bakin fadama tun saukar ruwan fari. Ya ce in tono ta in ce wa yara ga lili, in wuce wurin, domin sufeto ba ya son malamin da ke jayayya da littafi. Ni ma da na kalli zanen sai na ga ba su da maraba.

Na tono guda huɗu a gefen gonar rake, na zuba a bokiti, na kawo gida. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida ina haddace abin da zan faɗa, har aka kira la'asar na bar littafin a buɗe na tafi masallaci. Da na dawo sai na tarar da ke sunkuye a kansa, kin maida hannuwanki baya don kada ki ɓata takardar. Ke da kike da gadali iri-iri a fasassun tukwane a bayan ɗaki, kina gane kowanne da ƙanshin albasarsa ko da ganyen ya bushe, kin daɗe kina duban zanen nan kina duban bokitin.

Sai kika juya ga tunkiya kika ce: "Ke kin ga abin da na gani? Na takarda ganyensa na bin kara har sama, namu kuwa daga ƙasa ganyen ke fitowa, karan tsirara yake. Na takarda gindinsa ba riga, saɓa-saɓa ne kamar bayan kifi, namu albasa ce da ɓawonta. Sannan na takarda ya rungume tulun irinsa a cikin fure, namu ya rataye nasa a ƙarƙashin wuya. Maƙwabta dai ko, amma ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne."

Raina ya ɓaci. Ni ma ban kalle ki ba, bokitin na fuskanta, na ce masa waɗanda suka rubuta littafin nan sun ƙetare teku da iliminsu, ba su jira wadda ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba ta yi musu gyara. Kika kwance igiyar tunkiyarki kika ja ta zuwa bayan gida. Inna, na yi kurakurai da yawa a rayuwa, amma babu wanda ya fi wannan magana ci mini rai.

Da safe, kafin in hau keke, na ɗauki reza don in gwada tsagawar da zan yi a gaban yara. Na ƙirga ganyen furen, shida, daidai da littafi. Na ƙirga 'yan tsinkayen nan masu gari a ka, su ma shida. Har na fara murmushin wanda ya yi nasara. Da na nemi gidan iri a tsakiyar furen sai na ga wayam. Na bi dogon wuyan da reza har ƙasa, can na same shi, ɗan kumburi kore, a inda kika ce. Na tsaga gindin, zobe a kan zobe, albasa sak. Na koma na duba ganyen, duk daga ƙasa suke. Abu uku kika faɗa, babu wanda ya faɗi ƙasa.

Tsakanin gida da makaranta ba nisa, amma ranar na ji tsawon hanyar. In na bi hedimasta, zan koya wa yara abin da idona ya ga ba haka yake ba. In na bi ki, zan tsaya a gaban baƙo in ce furen littafi ba ya ƙasarmu, ni da ko takardar shaida ba ni da ita. Ban san lokacin da na yanke shawara ba. Na dai ga na jingine keke, na shiga aji, na raba allo biyu da alli.

Sufeton gajeren mutum ne mai tabarau, ya zauna a bencin baya, fuskar nan ba fara'a. Hedimasta ya tsaya a bakin ƙofa. Na zana furen littafi a dama, albasar kwaɗi a hagu. Na gaya wa yara cewa lili na ainihi a ƙasashen da suka fi mu sanyi yake fitowa, a dajinmu babu shi, wannan da ke bokiti kama kawai suka yi. Na ce masu rarrabe tsirrai dangi-dangi ba sa tsayawa ga launi da ƙanshi, sukan duba inda ganye ya fito, da yadda gindi yake, da inda gidan iri ya zauna. Na raba furannin benci-benci, kowa ya ƙirga, kowa ya taɓa kumburin da yatsa. Da na saci kallon hedimasta sai na ga yana share gumi da hularsa.

Sufeto ya ɗaga hannu kamar ɗalibi. Ya ce to bado fa, tunda Turawa shi ma lilin ruwa suke ce masa. Na ce a ƙirga ganyen furensa, ya wuce shida nesa ba kusa ba, wannan ko unguwa ba su haɗa ba. Ya ce gatarin kurege fa, mai jan furen nan kamar harshen wuta. Na ce shi ya fi kusa, ganyen furensa shida, gidan irinsa a ciki, amma saiwarsa mai reshe biyu ce ba saɓa ba, kuma da bakin ganye yake kama ciyawa yana hawa. Ban yi inda-inda ba ko kaɗan. Yaya zan yi, bayan tun ina yaro kin doke mini hannu a kan saiwar nan, kina gaya wa iska cewa guba ce?

Da aka tashi ya kira ni gefe, ya tambaye ni a wane littafi na karanta wannan. Na ce, "Nazari na yi, ranka ya daɗe." Ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu a takardarsa.

Na dawo gida na same ki kina tankaɗe. Kika tambayi tunkiya ko yaya aka ƙare da baƙon Zariya. Na ce wa bango an gode Allah, na shige ɗaki. Na so in ƙara magana, girman kai da kunya suka haɗu suka toshe mini baki, na ce gobe ma rana ce. Sunana ya fito, na tafi kwaleji. Ina shekara ta biyu kika rasu, kafin saƙo ya iso ni har an kai ki.

Sai bayan shekaru na ga lili da idona, a tukunya, a lambun wata makarantar aikin gona. Na roƙi mai kula da lambun ya bar ni in tona gindin da yatsa. Babu riga, Inna. Saɓa-saɓa ne kamar bayan kifi, ganye na bin kara har sama, tulun irin yana zaune a cikin fure. Na zauna dirshan a ƙasa na yi kukan da ban samu yi a kan gawarki ba.

Na karanta manyan littattafai bayan haka. Masana sun ware albasar kwaɗi a wani dangi daban, kuma gidan irin nan na ƙarƙashin wuya yana cikin manyan hujjojinsu. Gatarin kurege ma daga baya sun fitar da shi daga dangin lili. Na koyar da wannan darasi har na yi ritaya, na zauna da masu digiri, kuma ina faɗa da babbar murya cewa ban ga mai idon da ya kai naki ba. Su da madubin ƙara girman abu da shekaru suka gano, ke kuwa tsakanin kiran la'asar da sallamewa, hannuwanki a baya.

Sufeton ya daɗe da rasuwa, amma tambayarsa tana nan, kuma amsar da na ba shi ƙarya ce. Ga ta gaskiya, kowa ya shaida: ranka ya daɗe, ban karanta a ko'ina ba. Uwata ce ta gaya wa tunkiyarta, ni kuma na ji.

Ki yafe mini maganar bokiti, Inna. Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya saka miki da lambun Aljanna wanda furensa ba ya bushewa. Allah ya haɗa mu a can, inda zan gaishe ki ki amsa mini ba ta bakin kowa ba. Amin.

Ɗanki na fari,
Garba