Wai Ni Ce Muguwar Matar Cikin Fim

Gwaggo Habi, don Allah ki agaza mini, ruwa ya kusa ƙare wa dabarata. Abin idan na faɗa dariya za ki yi, ni ma wani lokaci dariyar nake yi, in ƙare da share ido da bakin zane.

Ni haifaffiyar Tawa ce, aure ya kawo ni Wagadugu, muna zaune a Zongo. Maigidan direban babbar mota ne, yau yana gida, gobe yana hanyar Lome. Yara uku Allah ya ba mu: ta farin, sai Shafi'u, sai auta Zulai. Ta farin ce maganar, shekararta goma.

Yarinyar nan da can, Gwaggo, ƙarya gare ta kamar a bakinta aka ƙera ta. Ta sha madarar Zulai ta ce mage ce, alhali ba mu da mage. Sai Rasmata, matar ƙanin maigidan, Bamosa ce mai lambun ganyen salati a bakin ruwan unguwar Tanghin, ta ce in daina duka, in riƙa kunna mata finafinan yara masu darasi. Ita ta turo mini su a waya. Wallahi abin ya yi aiki! Akwai na wata bushiya marowaciya da ta ƙare tana rabon abinci, tun daga ranar yarinya take gutsura wa Shafi'u biredinta. Ƙaryar ma ta bari. Ta bari har ta wuce gona da iri, don ranar da wata maƙwabciya mai surutu ta yi sallama na ce a ce ina barci, fita yarinyar ta yi ta ce Inna ta ce a ce tana barci.

Daga nan malamarsu ta lakwal, wato makarantar boko, ta fara ba su aron tsofaffin littattafan labari na Faransanci, irin waɗanda aka taƙaita saboda yara. Ni karatuna bai yi nisa ba, sai murna nake yi in na gan ta ta duƙufa. Ashe wuta nake hura wa kaina. Yanzu kowa a gidan nan ta ba shi matsayi. Babanta shi ne jarumin da ke tafiya ya dawo. Kakarta ita ce tsohuwa mai hikima. Shafi'u shi ne wawan da zai yi hankali nan gaba. Ni kuwa, ni da na sha naƙudarta, wai ni ce muguwar matar da ke riƙon marainiya!

Hujjarta ɗaya. A littafin da ta karanta, matar ba ta taɓa kiran marainiyar da sunanta ba, sai dai ke, sai yarinya. A finafinan kuma uwar kirki kullum tana rungume ɗanta tana kiran sunansa tana cewa tana son sa. To ni tunda na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba. Ta ina zan fara? 'Yar fari ce, ga shi kuma sunan surukata aka sa mata, tsohuwar na zaune da mu cikin gida. Kunya biyu ke nan a kaina. A garinmu ko kallon ɗan fari ba ka yi a gaban mutane. Ni ma ta fari ce, uwata har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba, kuma ban taɓa zaton ba ta so na ba. To, ban dai taɓa faɗa ba.

Amma yaran Waga daban suke. Ta gaya wa Shafi'u, shi kuma ya kawo mini da zafinta, wai tana jira ne ta ga ko zan canza kamar yadda mugaye ke canzawa in fim ya kusa ƙarewa, in ban canza ba to tabbas tsinto ta aka yi. Rabi da Hausa rabi da Faransanci ta tsara masa, har da ranar da take zaton an tsinto ta a tasha.

Ga inda abin ya daina ba ni dariya. Ta roƙi babanta a ba Rasmata ita riƙo idan an yi hutun ƙarshen shekara, ta koma Tanghin gaba ɗaya. Rasmata ba ta da 'ya mace, tana son ta, tana kiran sunanta tun daga bakin ƙofa kamar mai tallar salati. Maigidan ya ce ai ba komai, dama ɗan fari na dangi ne. Surukata ta ce haka aka saba. Aka juyo aka tambaye ni, na sunkuyar da kai na ce duk yadda suka gani. Me zan ce? In buɗe baki in ce ina son 'yar fari a gabana, ai sai a yi da ni har Tawa. Amma Gwaggo, ina son ta. Ina son ta har in ta yi tari cikin barci ni ke fara farkawa. Hutu ya matso, har ta fara ninke kayanta cikin leda. In fasa wayar ne, in hana littattafan, ko in bar ta ta tafi?

Uwar Shafi'u, Zongo

Uwar Shafi'u, sannu da wannan zulumi. Kin lura kuwa? Kin kira Shafi'u, kin kira Zulai, kin kira Rasmata, har magen da ba ku da ita ta samu shiga, amma mai maganar ba ta samu suna ba. Ko a sa hannu ma tsallake ta kika yi. To in ni baƙuwa na lura, ina ga yarinya mai kaifin kai da ke gani kullum?

Kada ki fasa waya, kada ki hana littafi. Labari ne ya raba ta da ƙarya da rowa, ba a sallamar malami don ɗalibi ya iya karatu. Kuskurenta ƙarami ne: ta ɗauki ma'aunin wasu mutane ta auna uwarta da shi. Masu yin finafinan nan da baki suke nuna so. Iyayenmu da loma mai tsoka suke nunawa, da tashin dare, da kawar da kai don kada ido ya kama yaro. Kunyarki tarbiyya ce mai kyau, ba na raina ta. Sai dai a Tawa duk gari ke fassara wa yaro ita. A Zongo ba mai fassarawa, ƙawayenta Mosawa ne da 'yan lakwal, sai ta ga shiru kawai.

Ga abin yi. Na farko, ki sa ta ba ki labarin littafin nan da Hausa kuna tsintar shinkafa. Ki tambaye ta wa ya canza a ciki, me ya canza shi, kuma me muguwar ta taɓa yi wa marainiya da ba ta da lafiya. Ita da kanta za ta ga bambancin. Tsofaffin littattafan nan cike suke da mutane masu ɗaurarriyar fuska da farar zuciya, ki ce malamarta ta zaɓo mata irinsu.

Na biyu, ki ba ta naki labarin, tunda labari take ji. Ki gaya mata ke ma ta fari ce, ki gaya mata abin da ya hana uwarki kiran sunanki. Na ga inda kika ce ba ki dai taɓa faɗa ba. Wannan ma ki faɗa mata.

Na uku, maganar Tanghin. Ba sai kin tsaya gaban surukarki kin yi shela ba. Ki samu maigidan ku biyu, ki ce masa ba ki yarda da riƙo ba, hutu kawai za ta yi ta dawo. Rasmata masoyiya ce, ki gode mata, za ta gane.

Sai na ƙarshe, wanda ya fi nauyi. Yarinyar nan ta ce jira take ki canza, kin ga ke nan ba ta fid da rai da ke ba. Ba mugunta za ki bari ba, don ba ki da ita. Kafin ledar nan ta cika, ki samu lokacin da tsohuwa ta fita barka ko gaisuwa, ki zaunar da ita kina mata kitso, tunda a nan ba za ku haɗa ido ba. Ki sunkuya daidai kunnenta ki kira sunanta, ƙasa-ƙasa, sau ɗaya. Rufin ɗaki ba zai faɗo ba, Tawa ma ba za ta ji ba. Ita za ta ji.

Allah ya raya miki su ukun, ya sa ta farin ta zama sanyin idonki. Ki gaishe mini da ita, da sunanta.

Gwaggo Habi