Jan Biro a Takardar Kawu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna?

Na kama aiki a kamfanin da Kawu yake akawu. Shi ya yi mini hanya, kuma a gidansa nake zaune. Gwaji ake mini tukuna, don haka kada ki yi murna da wuri.

Manaja yana da wata al'ada. Duk Litinin sai ya sa a kwafe wasiƙar Turanci ta wani ma'aikaci a allo, a gyara ta gaban kowa. Da ya ji Turanci na karanta, sai ya danƙa mini aikin. Wannan makon ta Kawu ce. An ɓoye suna, amma kowa ya san shi ke rubuta wa dillalanmu. Ya sa "I look forward to see you", alhali "seeing" ne daidai. Na gyara ƙasa-ƙasa. Manaja ya ce in ɗaga murya, tsofaffi ba sa ji. Aka kwashe da dariya. Yanzu har direba "Baba Tu-si" yake kiransa.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan zazzaɓin ƙaramin ya sauka.

Ana raɗe-raɗin za a kawar da tsofaffi daga teburan rubutu. Ranar Lahadi Kawu ya same ni ina guga, ya ajiye takarda a kan kujera ba tare da ya dube ni ba. Roƙo ne ya rubuta wa Manaja, a bar shi a teburinsa. Ya ce, "'Yar boko, wanke mini wannan." Mutumin da ya saya mini ƙamus ɗina na farko! Na gyara, ya sake kwafewa da rubutunsa. Ki taya mu addu'a.

Taki, Auta

Yayata,

Ina gaishe ki. Lafiyar jiki dai ina da ita.

Roƙon Kawu aka sa a allo, da sunansa. Manaja ya yaba, ya sa aka tafa. Sannan ya ce Kawu ya tashi ya koya mana dalilin da ya sa ake cewa "insist on staying" ba "to stay" ba, tunda dare ɗaya ya zama Bature. Kawu ya tsaya yana jujjuya hularsa a hannu. Sai Manaja ya juyo ya tambaye ni ko da hannuna a ciki, ya tuna mini gwaji nake.

Yaya, na ce wuri bakwai kawai na gyara, sauran nasa ne. Wallahi bakwai ɗin ne, na ɗauka hakan zai taimake shi. Manaja ya sa na nuna su ɗaya bayan ɗaya.

An mayar da Kawu sito, yana jera kwalaye. Ni aka ba teburinsa, aka tabbatar da ni.

Jiya Kawu ya kira Inna a gabana, ya yi mata albishir. Ina jin guɗarta ta cikin waya. Sai ya miƙo mini ya ce, "Karɓi, Malama. Gaya wa uwarki kujerar wa aka ba ki."

Na ce mata kujera ce mai kyau. Ta ce in yi wa Kawu godiya tana ji. Na yi.

Ki yi mini addu'a.
Ƙanwarki, Auta