Wace Zuciyar Kuke Nufi?

Zuwa ga Babban Likita mai kula da ɗakunan shan magani na yankinmu,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali da ma'aikatanka suna lafiya. Sunana Umaru, mahaƙin rijiya daga Boɗinga. Ban taɓa zama aji ba, da guntayen jaridar da ake naɗe tsire na koyi boko, don haka in ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka. An san ni da saurin baki, ina neman afuwa tun yanzu. Na rubuto a bainar jama'a ne domin duk zuwan da na yi ofishinka, masinja cewa yake kana mitin.

Tambaya ɗaya ta kawo ni: in shiga rijiya, ko kar in shiga?

Na farko. Tun lokacin zaɓen da ya wuce wani abu ke taso mini a ƙirji. Ba suka ba ce, ba zafi ba. Bugun ne ke rikicewa, kamar an ɗaure tantabara a buhu: ta yi fat-fat-fat, ta tsaya, ta sake zabura. Numfashi ya gajarce, gwiwa ta yi sanyi, ido ya fara ganin duhu. Wani lokaci kafin ruwan shayi ya tafasa ya wuce, wani lokaci daga hantsi har la'asar. Ba zan ɓoye maka ba, ya fi zuwa in raina ya ɓaci ko tunani ya yi mini yawa. To a wanga zamani na ostariti da tsadar rayuwa, da damina ta ɗauke gero bai yi ido ba, wa ke kwana ba tunani?

Na biyu. Na je wani ɗakin shan maganinku, ba zan kama suna ba. Na faɗa yadda kowane Bahaushe zai faɗa, na ce gabana ke faɗuwa. Malamin ko kai bai ɗaga ba, ya tambaye ni me nake tsoro, ɗan sanda ko surukai. Ni da ke sauka ƙarƙashin ƙasa har sama ta koma mini kamar kwabo! Ya ce in je in yi addu'a, dama kuma ba su da magani a ɗakin.

Da na koma sai na sake kalma, na ce zuciya ke damuna. Wani malamin na tarar, ya san ni a teburin mai shayi. Ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce ai duk Boɗinga ta san zuciya na damun Umaru, in ina musu daga Sifawa ake jiyo ni, in je in rage ta. Nan take na yi zuciyar, na zazzaga masa abin da ba ya rubutuwa. Abin haushi, bugun bai tashi a gabansa ba, sai da na kama hanyar gida.

A gida na ce wa Inna ina jin ciwon zuciya gare ni. Ta fashe da kuka, ta ce ta sani, baƙin cikin rasuwar Baba ne na haɗiye. Ta karɓo mini rubutu, na sha, Allah ya saka mata. Ranka ya daɗe, magana uku na yi a kan abu ɗaya, aka mai da ni matsoraci, aka mai da ni mafaɗaci, aka mai da ni maraya. Babu wanda ya taɓa jikina.

Na uku. Ranin nan muna ƙara wa wata rijiya zurfi a Danchadi. A sana'armu na ƙasa ba ya ihu, igiya yake girgizawa in yana son a fito da shi. Ina ciki ina jiyo gardama a bakin rijiyar, wai aikinmu ba ya sauri, sai abin ya taso. Na girgiza igiya, aka jawo ni ina tangaɗi. Kafin in farfaɗo labari ya zaga gari cewa na ga mutanen ɓoye. Wata dattijuwa da ta yi aikin nas kafin ta huta, Gwaggo Hauwa, ita ce ta ture mutane ta kama tsintsiyar hannuna. Ta daɗe tana riƙe da shi. Ta ce bugun ba shi da tsari, kuma zuciyar nama ce, ba ta hali ba. Ta kira wani dogon suna na Turanci, fibirileshan kawai na cafke. Ta ce ita ba likita ba ce, amma in aka yi sakaci yana iya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki, kuma akwai na'ura a birni mai zana bugun a takarda.

Na huɗu. Da abin ya sake tasowa na fita titi jiran mota. Kafin mu shiga Sakkwato ya kwanta luf. Aka liƙa mini wayoyi a ƙirji, na'ura ta ce lafiyata lau. Likitan mutumin kirki ne, ya ce in dawo lokacin da abin ke yi. Ta yaya? Ciwon ba ya aiko da sallama. Wallahi har na yi tunanin in ɗauki wanda zai tsaya a ƙofar asibiti ya zagi ubana, ko na'urar ta samu abin zanawa.

Na biyar. Ban zauna haka nan ba. Na bar goro, na bar shayi, na bar teburin gardamar siyasa. In na ji yana zuwa sai in zauna, in watsa ruwan randa a fuska, in ja numfashi a hankali ina tasbihi. Wata rana ya saurara, wata rana ko a jikinsa. Kwanan baya ma ina zaune a inuwa ina gyaran ƙotar diga, ba wanda ya ce mini kanzil, ya zo. To in fushi ne, wa ya taɓa ni? In kuma ba fushi ba ne, me ya sa yake bin fushin a baya kamar rago da mai dusa? Ni kaina na kasa raba su, shi ya sa ba na iya rantsuwa cewa malamin tabarau ƙarya ya yi gaba ɗaya.

Yanzu rijiyoyi sun ƙafe, wani ƙauye kusa da Mandera na jiranmu. Maigidana, Sarkin Haƙa Bawa, ya ce ko in sauka ko in ba wani wuri. Na roƙi a bar ni a sama in riƙe igiya, ya ce mai ganin jiri ba ya riƙe ran wani. Gaskiyarsa ce. Kwasar ƙasa da kwando ya ba ni. Jiya wani abokin aikina ya dube ni a gaban mutane ya ce zuciyata ta mutu. Karo na farko a rayuwata ban mayar da magana ba. Har yanzu ban sani ba, haƙurin nan magani ne na sha, ko maganarsa na tabbatar.

Ga roƙona. Ka sa a gaya mini a Hausa tsantsa, ciwon nan akwai shi ko babu, kuma in akwai, mai shi yana shiga rijiya? Ka ba malamanka izini in na zo abin na yi, su gan ni nan take, su shaida da hannunsu, tun da na'ura ta yi mana nisa. Sannan ka gaya musu, duk wanda ya zo ya ce zuciya, kafin su yi dariya su kama hannunsa su ji wadda yake nufi.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya tsare taka zuciyar, ta naman da ta halin. Ina nan da kwandona a bakin rijiya har in ji daga gare ka.

Wassalam.

Umaru Mahaƙi, Boɗinga.