Masu Duba Rufin da Ba Su Ɗaga Kai Sama Ba

Zuwa ga Alhaji Nasiru, babban ɗan marigayi Alhaji Ɗanlami, kuma wakilin magadansa a kan gidan haya na Ƙofar Ran, Bauchi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ƙannenka maza da mata. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya haskaka kabarinsa.

Ni ne Garba Tela, wanda kake kira Baba Tela tun kana zuwa shagona ana auna maka wandon makaranta. Na faɗi haka ne domin masu karanta jarida, kai ka san ni. Na zo ofishinka sau uku, sau uku ana ce mini kana mitin. Na kira wayarka har matata ta ce in bar ƙona kati. Tun da bencin ofishinka ya gaji da ni, na ga gara in rubuto a inda kowa zai gani, ko Allah ya sa wani ya nuna maka.

Tun kafin azumi na fara jin wata magana. Wanzamina ne ya fara faɗa mini, askarsa na kan wuyana, wai magadan Alhaji Ɗanlami sun sa gidan da muke ciki a kasuwa. Na jira ya ɗauke askar sannan na yi dariya, domin wanzamin nan in bai samu labari ba sai ya ƙera nasa. Bayansa mai shayin bakin titi ya faɗa, mai faci ya faɗa. Duk amsa ɗaya na ba su: na san yaron nan tun ana goyonsa, in akwai magana ni zan fara ji. Ga abin da ya biyo baya, zan jera maka shi daki-daki.

Na farko. Ban rubuto don in ce kada ku sayar da gida ba. Gadonku ne, ku goma sha ɗaya ne, kuma ɗaki bakwai da rijiya ɗaya ba sa rabuwa tsakanin mutum goma sha ɗaya sai an sayar. Shari'a ta ba ku. Shekara ashirin da tara ina cikin gidan nan ban taɓa manta cewa ɗan haya nake ba, ko da yake ni na dasa gwandar tsakar gida, ni nake nemo mai yasar rijiya, kuma a ɗakin da ke kusa da zaure aka raɗa wa 'ya'yana uku suna, aka yi wa ɗaya wanka aka fita da shi.

Na biyu. Mahaifinka bai taɓa rubuta mini takardar haya ba. A zamaninmu a cikin gari ba a yi. Mai gida ya ce ka shiga a gaban mutum biyu, a shafa fatiha, magana ta ƙare. Da ciwon ajali ya kwantar da shi na je dubiya, ya yi magana a gaban limamin unguwarmu, da mahaifiyarka Hajiya Amina, da ni. Ya ce ya san wata rana za a sayar da gidan Ƙofar Ran, ba ya hanawa, amma da sharaɗi biyu: a fara gaya wa Garba baki da baki, kuma a ba mutanen gidan shekara guda cif su nemi wuri. Kana tsaye a bakin ƙofa da ledar magani a hannu, ka amsa masa da to. Liman ya riga mu gidan gaskiya. Saura ni da Hajiya, da kai in kana tunawa.

Na uku, kuma nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Sati biyu bayan ƙaramar Sallah, wata Asabar da hantsi, ka kira ni, lokacin wayarka tana gane lambata. Ka ce za ka turo injiniyoyi su duba rufi, kuna so ku sauya kwano kafin ruwa ya sauka. Na yi murna, domin akwai ɗakunan da in ana ruwa sai an jera robobi kamar ana tallarsu. Mutum uku suka zo a mota. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure. Rifkatu, matar marigayi sojan nan da ta dawo gidanmu daga barikin Shadawanka bayan rasuwar mijinta, wadda take tuyar masa a ƙofar gida, ta kawo musu faranti cike, ta ƙi karɓar komai, ta ce ai alheri suka zo yi mana.

Sai suka zaro tef. Ni na riƙe musu bakinsa, tun da sana'ata ce. Muka auna gaban gida ta wajen titi, har sau biyu. Muka auna daga katanga zuwa kwata. Suka tambaya ko rijiya tana ƙafewa da rani, na ce ko shekarar da famfo ya ɗauke duk unguwa nan ta sha. Suka tambayi inda iyakarmu da maƙwabta ta tsaya, na kai su har dutsen da aka binne tun zamanin kakanka, na tona musu shi da sandata. Suka tambaya ko akwai rigima a kan filin, na rantse musu babu. Alhaji, mutum uku sun zo duba rufi, sun yi awa biyu a gidan, babu wanda ya ɗaga kansa sama. Na lura fa. Sai na ce wa raina wataƙila ilimin zamani ne, daga ƙasa ake lissafa sama. Shekara arba'in ina awon mutane, amma na kasa gane awon ciniki.

Ashe dillali ne da mai saye da ɗan'uwansa. Abin da na yi ranar kuwa yana da suna a garin nan, shaidar iyaka. Ba a sayen gida a cikin gari sai dattijon da ya daɗe a wurin ya nuna iyaka, ya ce babu rigima. Ka san mai saye ba zai tsaya a kan bakinka kai kaɗai ba, sai ka ari nawa ba ka tambaye ni ba.

Na huɗu. Rifkatu ita ma ta ji jita-jitar. Matan cocinsu suka samo mata ciki da falo a Yelwa, unguwar ɗaliban jami'a, lokacin ɗalibai sun tafi hutu, ɗakuna na zaune babu kowa. Ta zo ta durƙusa a gabana ta ce in gaya mata gaskiya, in na ce ta tashi za ta tashi, in na ce ta zauna za ta zauna, ba ta da uba a garin nan sai ni. Na ce ta zauna. Na ce ɗan Alhaji Ɗanlami ba zai yi haka ba, ga shi ma rufi za a sauya, wa yake gyara abin da zai sayar? Ta je ta ba matan haƙuri, aka ba wani ɗakin. Haka na gaya wa Isiya mai keke, shi ma ɗan haya ne a gidan, wanda matarsa yanzu cikinta ya tsufa. Yau ɗalibai sun dawo, ko ɗakin ajiye gawayi babu a Yelwa. Rifkatu tana da 'ya'ya huɗu, kuma masu sayen masarta na ƙofar gidan nan ne, ba su bin ta ko'ina. Har gobe tana gaishe ni da safe, tana aiko mini da masa da zafinta. Da zagina take yi da na fi samun sauƙin haɗiyewa.

Na biyar. Takardar tashi ta zo da Turanci, daga ofishin lauya, an manna ta da gam a ƙofar zaure. Kafin Isiya ya samo mai karanta mana, ruwa ya wanke rabinta. Rabin da ya rage ya ce wata ɗaya, kuma a tsakiyar damina. Babu sunan kowa a kai, wai zuwa ga masu zama a ciki. Shekara ashirin da tara, ashe sunana ke nan. A yau da nake rubutu saura kwana goma sha tara, kuma an ce mai saye rushewa zai yi ya gina shaguna.

Ga abin da nake roƙo.

Ka ba mutanen gidan nan shekarar da mahaifinka ya ce. Za mu ci gaba da biyan haya yadda muka saba. In mai saye ba zai jira shekara ba, ka je ka same shi da kanka, ka gaya masa akwai wasiyya, ka nemo mana aƙalla har ruwa ya ɗauke, matar Isiya ta sauka ta yi arba'in, ɗalibai su sake tafiya hutu Rifkatu ta samu inda za ta sa 'ya'yanta. Mutumin bai yi mini kama da mara tausayi ba, ya ci masa ya yi godiya. Ina zaton bai san abin da ka ce mana ba.

Sannan ka zo da ƙafarka, ka tsaya a tsakar gida, ka faɗa a gaban Rifkatu da Isiya cewa ban san komai ba. An gan ni riƙe da tef, kuma yanzu a masallaci akwai masu cewa dillali ya ba ni rabona. Ni dai ina da ɗa da zai ɗauke ni ko da ba na so. Amma ba zan bar unguwar da na tsufa a cikinta da wannan suna ba.

Ina yi maka addu'a, kuma har zuciyata nake yi, domin gishirin mahaifinka na ci. Allah ya sa wa dukiyarku albarka, ya haɗa kan magada, ya raya maka zuri'a. Allah ya sa kada 'ya'yanka su taɓa karanta makomarsu a jikin ƙofa. Allah ya ba ka ikon gyara abin da ya rage a gyara tun da sauran kwana.

Saura abu ɗaya, ya kamata ka sani. Juma'ar da ta wuce na ji Hajiya ta dawo daga jinyar da ta yi watanni a gidan ƙanwarka a Gombe, na je yi mata sannu da jiki. Na ɗaura niyyar ba zan ɗauko maganar gida ba saboda halin da take ciki. Ita ta ɗauko. Ta ce an sayar da gidan Ƙofar Ran, kuma tana yi mini godiya. Ta ce ta ƙi dangwala yatsa a takardar cinikin saboda wasiyyar mahaifinka, sai da ka rantse mata cewa ka zo ka zauna da ni, na amince, har na ce wata ɗaya ya ishe mu, har ma ni na riƙe wa mai saye tef. Ta ce irin haƙurina sai mutanen da. Ta yi ta sa mini albarka tana share hawaye da bakin mayafi, ni kuma ina cewa amin. Na yi mata sallama na fito. Hajiya ba ta karanta jarida, amma gidanku ba a rasa mai karanta mata, don haka ina ganin gara ka riga shi shiga ɗakinta.

To, ka ji yadda labarin ya iske ni. Wanzami ne na farko, takardar lauya ta zo a tsakiya, daga bakinka kuwa har yau ban ji ba. Wadda ta gaya mini na ƙarshe ita ce mahaifiyarka, Hajiya Amina.

Wassalamu alaikum.

Naka,
Garba Tela,
ɗakin da ke kusa da zaure, Ƙofar Ran, Bauchi.