Labulena a Fim ɗin Auta

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, kuma gwiwar nan ta daina damunka. Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma muna nan ƙalau. Inna tana ta faɗa da kowa a kan shan magani, ka dai san halinta.

Yaya, da ɓacin rai nake rubuto maka, kuma ƙaninmu Auta ne sanadi. Ka san yana shirya finafinan wa'azi. Ya zo ya ce in ara masa falona, zai ɗauki fim a kan ɗan fashin da ya tuba. Na share, na wanke labule, har ruwa na riƙa kai musu kamar wata sakarya. Ashe labarin ɗana Dogo ne. Bayan ya tuba, Dogo ya faɗa wa kawun nasa Auta a asirce cewa shi ne ya sari wani mai gyaran agogo ɗan cocinmu a hannu shekara uku da suka wuce, ya ɓoye addar a ƙarƙashin keken ɗinkina. Wata biyu yaron nan yana azumi da addu'a, yana neman ƙarfin zuciyar da zai je ya durƙusa wa mutumin da kansa.

Ranar Lahadi aka nuna fim ɗin a coci. Ga labulena mai ruwan ganye, ga kekena, ga adda a ƙarƙashinsa. Wa bai san falona ba? Mutane suka fara juyowa suna kallonmu. Mai gyaran agogo yana layi na biyu, shanyayyen hannunsa a kan cinya. A fim, ɗan fashin ya yi kuka na minti biyu, aka sa kiɗa, aka rungume shi. A cocin kuwa mutumin ya tashi ya dubi Dogo, ya fita. Washegari Dogo ya je shagonsa, mutumin ya ce masa ya makara, tun da sai da aka tona shi ya san hanya.

Na tari Auta, sai ya ce ai bai ambaci suna ba, kuma mutum goma sha biyu sun karɓi Yesu ranar. Na ce ya ƙirga har da ɗayan da ya kora, don Dogo bai sake taka coci ba. Ka kira yaron, Yaya, yana jin maganarka. Auta kuwa kada ka roƙe ni tukuna.

Ka gaida matarka da Baba Ƙarami da 'yan biyu. Labulen na cire shi.

Ƙanwarka,
Maman Dogo