Sun Auna Wuyana, Ba Su Auna Kujerar Ba

Malam Garba, don Allah ka taimake ni da shawara kafin in yi abin da zan yi nadama.

Ni likitar haƙori ce a wani asibiti a Mando, shekara goma sha ɗaya ke nan. Watan jiya wasu masu bincike suka zo auna yadda muke zama da sunkuyawa a kan marasa lafiya, don su gano wa ke cikin haɗarin ciwon baya da wuya. Na yarda. Suka ɗauke ni hoto ina cire wa wani dattijo haƙori, suka ja layuka a kai, suka ce nawa sakamakon ya fi na kowa muni.

Wannan bai dame ni ba, ai na san wuyana. Sai na juya jikina gaba ɗaya kafin in kalli gefe, ruku'u ma da ƙyar. Abin da ya ƙona mini rai shi ne shugabanmu, Dakta Hamisu, ya haska hoton a taron ma'aikata wai ga yadda ba a zama. Har da dariya, a gaban waɗanda ni na koya musu riƙe allura! Bai gaya musu kujerar marasa lafiya ta ɗakina ta daina ɗagawa tun bara ba. Sau uku ina kai masa ƙorafi. To yaya zan ga cikin bakin mutum ban sunkuya ba? Na rubuta takardar ajiye aiki, tana jakata. In miƙa?

Mai ciwon wuya, Kurmin Mashi

Likita, fushinki yana kan hanya. Kin ba da hotonki don bincike ne, ba don a tozarta ki ba. Sami Dakta Hamisu shi kaɗai ki gaya masa haka, ba tare da ɗaga murya ba. Wataƙila gyara ya nufa, amma ya yi shi da garaje.

Amma kada ki miƙa takardar yanzu. Sakamakon nan hujjarki ce. Nemi kwafinsa, ki roƙi masu binciken su rubuta halin da kujerar take ciki, ki haɗa da ƙorafi a rubuce zuwa hukumar asibitin.

Sannan ki ji wadda ba za ta yi miki daɗi ba: kujera bara ta lalace, wuyanki kuwa ya daɗe yana shan wahala. Ki ga likitan ƙashi a makon nan, ki riƙa miƙewa tsakanin mara lafiya da mara lafiya. In wata biyu ya wuce ba gyara, ki tafi da mutuncinki.

Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya zuciyarki.