Kalma Biyu da Ka Aiko Daga Mildura

Zuwa ga Apenisa, hasken idona, ruwan kwakwata mai sanyi a tsakar rana, iskar da ke tura kwalekwalen zuciyata!

Yaya aikin gonar inabi a Mildura, can ƙasar Turawa? Yaya sabon harshen da ka koya, wanda har ya fi na mahaifiyarka daɗi a bakinka?

Ka tuna ranar da kawunnanka suka zo ƙauyenmu, suka durƙusa gaban babana, suka miƙa tabua, haƙorin nan na babban kifin teku da ake neman aure da shi? Ka tuna yadda ka sunkuyar da kai kamar mutumin kirki, ni kuma ina leƙe ta bayan labule? Da harshenmu aka nemi aurena, da harshenmu aka ba ka.

Sai ga saƙonka a waya, da Turanci, da wani abu wai "call off" a tsakiya. Masoyina, kowace kalma na san ta ita kaɗai, amma da suka haɗu sai suka fi ƙarfina. Don tsabar wauta na ɗauki wayar da murnata zuwa ɗakin taro, inda mata ke saƙa tabarmin bikinmu, na miƙa wa Goggo Mereoni da ta yi aiki a otal. Ta karanta, ta cire tabarau, ta ce, "'Yar nan, ɗan banzan ya fasa auren. Haka Turawa ke cewa in sun soke biki." Hannayen masu saƙa suka tsaya cak. Innata tana zaune, ganyen saƙa a cinyarta. Wayyo, da ƙasa ta tsage da na shige!

Ka ɓuya a bayan harshen baƙi, kana zaton kunya ba ta jin Turanci ko, zumata? To, ta ji, kuma yanzu duk tsibirinmu na Kadavu an san fassarar.

Kawunka ya aiko wai a mayar da tabua a ɓoye cikin kwandon doya. Ya makara! Tabua yana nan rataye a bangon babana, inda duk mai shigowa zai gan shi. Saƙa kuwa ban daina ba. Kowace Lahadi ina zama kusa da mahaifiyarka a coci, ina kiran ta surukata da ƙarfi, ina kallon yadda take neman wurin ajiye idonta. Wace yarinya ce a tsibirin nan za ta saurare ka, alhali haƙorinka yana gidanmu? Ina son ka har yanzu, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

In kana son a sake ka, ka hau jirgin ruwa ka zo, ka zauna a ƙasa gaban babana da saiwar yaqona, wadda ake jiƙawa a sha wajen ban haƙuri, ka faɗi kalmomin nan biyu da harshenmu, idonka cikin idona. In bakinka ya iya, ɗauki haƙorinka ka tafi.

Kafin nan, ko ka so ko ka ƙi, ni taka ce har igiyar tabua ta ruɓe.

Amaryarka,
Salanieta